Daɓen da Tumaki Sunka Lashe

Da sunan Allah nika farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba mu ita mu taka. Ni ce Tumba, Tumba mai daɓe ta Tambuwal. Ban san baƙi ba, ban san boko ba. Faɗa na yi anka rubuta, na sa anka karanta mini, na ji babu ƙari.

Abin da ya buɗe mini baki shi ne, jikana Bello ya gama gini, saura ƙasan ɗaki. Shi da matarsa Nafisa sunka kawo mini tayil iri uku in gani in sa albarka. Bello ya zauna bakin tabarmata yana dariya, ya ce, "Tsohuwa, ai ku kun ji daɗin sana'a. Ƙasa ce a zuba, a buga, a yi waƙa, a ci tuwo a watse." Nafisa ta rufe baki da gefen hijabi. To, ku 'yan yanzu, ku gyara zama ku ji yadda ake zubawa a buga.

Ɗakin farko da na taɓa shiga da sunan aiki, ɗakin wata amarya ne a unguwarmu, ina biye da Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina, wadda ta koya mini sana'a. Ba ta ba ni madaɓi ba ranar nan. Ba ta ba ni ba shekarar nan ma. Tulu ta ba ni da gammo. Rani biyu ina jan ruwa, ina rairaye tsakuwa, ina jiƙa ɓawon ɗorawa cikin randa har ya yi ja ya yi wari, shi ne makuba, ruwan da ake yayyafa wa daɓe ya kama ya yi ƙarfi. In na ce, "Gwaggo, yaushe zan buga?" sai ta ce, "Kin iya kallo tukuna?"

Madaɓinta na ƙirya ne, ya yi baƙi don tsufa, mariƙinsa ya lotsa daidai tafin hannunta. Tana da wani ƙarami na bin kusurwa, da wani dutsen gulbi mai sulɓi na gogewar ƙarshe, da tsintsiyar da ba a shara da ita, makuba kaɗai take yayyafawa. Su ke nan kayan. Wanda ya gan su a ƙwarya guda zai ce wasa ne. Amma bugu ɗaya ba daɓe ba ne. Ana bugu da safe a yayyafa, a bar shi ya sha iska, a komo da la'asar. Gobe haka, jibi haka. In ya tsage a bi tsagar a rufe. In kin buga yana da ruwa da yawa ya kama madaɓi, in kin bari ya bushe ya yi gautsi. Kunne ke gaya miki lokaci: daɓen da bai nuna ba yana amsawa luƙus, wanda ya nuna yana amsawa awa ganga. Gwiwa a ƙasa, baya a lanƙwashe, mata shida ko bakwai a jere, hannu na sauka tare. Waƙar da Bello ke yi wa dariya, ita ke riƙe hannuwan kada wata ta riga wata, don in bugu ya saɓa, ƙasa sai ta yi tudu da kwari.

Abu biyu Gwaggo ke yi waɗanda na ɗauka tsufa ne kawai. Na farko, ba ta karɓar aiki sai ta wuni a gidan. Ta shimfiɗa tabarma, ta karɓi fura, ta yi ta hira da matan gida, idonta kuwa yana ƙasa. Tana ƙirga ƙafafu. Wa ke rarrafe, wa ke tatata, wa ke jan ƙafa don tsufa. Ina akuya ke bi in ta kwance, ina kyanwa ke kwanciya, ina yara ke zubar da ruwa. Na biyu, duk ƙasar da za a kawo mata, sai ta ɗebi kaɗan ta ɗora bisa harshe, ta juya, ta tofar. Ni kuwa kunya ke kama ni in ta yi haka gaban mutane.

Wani aiki a Dogon Daji ya nuna mini amfanin wunin nan nata. Matar gidan mai ƙuli-ƙuli ce, ta ce ita daɓe mai sulɓi take so, wanda in an goge shi da dutse mutum zai ga inuwarsa. Gwaggo ta wuni ta ga ɗiya biyar ƙanana, ta ga mai yana ɗiga ko'ina, ta ga wata tsohuwa mai sanda. Ta ce, "Ɗakin kwananki in goge miki. Bakin murhu da hanyar randa kuwa, tsakuwa zan ƙara, in bar shi da kaushi." Matar ta ɓata fuska, ta ce gidan maƙwabciyarta ba haka anka yi ba. Gwaggo ta ce, "Maƙwabciyarki ita da mijinta ne da buta. Ke kuwa kasuwa gare ki." Anka yi yadda ta ce. Bayan shekara matar ta aiko mata da ƙuli-ƙuli cike da ƙwarya.

Haka munka yi ta yawo, Jabo, Sanyinna, ƙauyukan da ke tsakani, daga an kai amfani gida har hadari ya fara haɗuwa. Zauren malami daban, don ƙafa da yawa ke shiga amma babu ruwa. Ɗakin mai jego daban, a karkata shi kaɗan wajen magudana. Inda ake ɗaure dabba daban, marmara zalla, a buga har hannu ya mutu. Sai Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa bayan wata kaka, madaɓin ƙirya ya faɗo hannuna, ina da ɗiya biyu lokacin.

Aikin Kebbe shi ne na farko da na karɓa da sunana. Wata Bafillata ce, Dija, mijinta ya gina mata ɗakuna biyu a bakin gari don ta zauna da yara, shi yana bin shanu. Labarin Gwaggo ta ji ta aiko, anka ce mata Gwaggo ta rasu amma ga ɗiyarta. Na tafi, na wuni a gidan yadda na ga ana yi. Na ƙirga ɗiya fuɗu, ƙaramin yana rarrafe. Na ga kyanwa. Na ga 'yan tumaki biyu marayu da uwarsu ta mutu, Dija na ba su madara a 'yar ƙwarya, suna shiga ɗaki suna fita awa 'yan gida, yaran har sun sa musu suna. Na ce a raina, wanga gida daɓe mai ƙarfi yake so, mai jure kofato da fitsari. Har nan ban yi kuskure ba.

Ƙasar Tambuwal na sani, na san ramin da ake ɗiba tun ina yarinya. Ta Kebbe ban san ta ba, kuma ban tambaya ba, don kada a ce ɗiyar Kulu ba ta san ƙasa ba. Na fita da safe ni kaɗai na bi gefen fadama. Sai na ishe wata gaɓa, ja da ɗan fari-fari, ta yi sumul tana sheƙi awa an wuni ana goge ta da dutse. Na shafa da hannu, na ji ta daɗi. Na ce, ƙasar da ta yi haka babu wanda ya buga ta, ina ga an buga? Na ɗaga hannu zan kai baki, sai ga wasu mata masu itace suna wucewa suna kallona. Na mayar da hannun na goge ga zane.

Anka yi ta jigila da jakai. Matan unguwa sunka zo gayya, munka buga kwana biyar. Wallahi daɓen nan ya yi kyau, ban taɓa yin mai kyansa ba, kafin nan ko bayan nan. Ya sha makuba ya yi ja wur. Mata sunka riƙa zuwa kallo suna cire takalmi tun daga ƙofar gida. Dija ta raka ni har bakin hanya tana cewa, "Sannu, ɗiyar Kulu, Allah shi ƙara wa hannu albarka."

Wata biyu ba su cika ba saƙonta ya ishe ni, wai in zo in ga aikina. Na shiga ɗakin na tsaya. Gindin bango duk ya zama ramu-ramu, masu sulɓi, awa cikin ludayi. Ina tsaye ɗan tunkiya guda ya ratsa tsakanin ƙafafuna, ya durƙusa, ya hau lasar ƙasa. Ɗan'uwansa ya biyo shi. Awakin maƙwabta kuwa suna bakin ƙofa suna turereniya, wata yarinya na korarsu da kara. Ga ƙaramin ɗan Dija zaune a kusurwa, ya ƙwaƙulo ɓarɓashi inda tumaki sunka buɗe, bakinsa ja da ƙasa.

Dija ba ta ɗaga murya ba. Ta zare ƙasar daga bakin yaron da yatsa, ta ce, "Tumba, ina kika ɗebo wagga ƙasa?"

Na kwatanta mata gaɓar.

Ta riƙe haɓa. "Mai sheƙin nan? Hande en boni, yau mun shiga uku! Ai wurin lasar shanunmu ne. Kanwa gare ta. Harshen shanu ne ya goge ta haka, tun kakannin kakanninmu. Ko yaron da bai fara kiwo ba ya sani."

Na duƙa na ɗauki ɓarɓashi na sa ga harshe, gaban ta, gaban yara. Gishiri-gishiri, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Abin da lasa ɗaya za ta gaya mini bakin fadama, shi na zo na ji bayan jakai sun gaji, mata sun gaji.

Ta ce, "Ni ba ramun ke damuna ba. Yaron nan kullum cikinsa na ciwo. In na ɗaure tumakin waje su yi ta kuka, yara su yi ta kuka. Mi za a yi?"

Na ce, "Ruwa ya kusa, daɓe ba ya yiwuwa yanzu. Ki shimfiɗa tabarmi ki danne da duwatsu. In Allah ya kai mu kaka zan komo."

Ta dube ni, ta ce, "To." Wannan to ɗin, na san ba ta sa ran sake ganina.

Shekarar nan ita ce mugunyar shekarata. Da damina ta sauka, kanwar ta jawo danshi, abin da tumaki sunka rage ya tashi ya yi ta ɓarewa awa ɓawon rogo. Labari kuwa ya riga ni isa gida, masu kai nono kasuwa sun kawo shi. Ranar wani suna a Tambuwal, ina shiga, wata ta ce, "Ga mai daɓe nan! Tumba, yaushe kika da sarari? Awakina sun kwana biyu ba su sha kanwa ba." Gida ya ɗauka da shewa. Wata ta ce, "Ai nata daɓen biyu ne, a taka a lasa." Anka yi kaka, anka fara bukukuwa, ɗakunan amare na jiran bugu, babu wadda ta aiko mini. Gidajen da Gwaggo ta yi wa aiki shekara da shekaru sunka kira wata daga Jabo. Sana'ar daɓe ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da allo. Sunanki ne rumfarki, kuma nawa ya zama abin ba yara dariya. Madaɓin ƙirya na rataye, gizo-gizo ya fara yi masa saƙa.

Maigidana, Allah shi jiƙansa, ya ce in bar shi haka nan, in kama saƙar faifai. Na ce sai na je Kebbe tukuna.

Komawata, Dija na tatsar akuya ta ɗago ta gan ni da dagi da ƙwarya. Ta ce, "Ashe kin zo." Na ce, "Na zo. Amma wanga karo ke za ki kai ni inda ƙasa take." Ta kira wata tsohuwar unguwa da ta san ramukan garin, munka fita mu uku. Duk inda sunka nuna, in duƙa in ɗanɗana. Ta nan yumɓu ya yi yawa, tana manne wa haƙori, za ta tsage. Ta can yashi ne, ba ta da danƙo. Mutane na wucewa suna kallo, na bar su su kalla. A rami na biyar na samu wadda nika so, lami, babu ɗanɗanon komai, tana da 'yar tsakuwa a ciki.

Kwana uku ina farfasa aikina da hannuna. Na kwashe tsohuwar ƙasar tas har sai da na kai ga ta asali, na kankare gindin bango, na kai ta bayan gari bisa jaki na zubar, awaki na bin jakin a guje. Matan unguwa ba su zo gayya ba da farko, sun ce sun buga sau ɗaya. Ni da Dija munka fara, ita da ba ta taɓa riƙe madaɓi ba. Ranar ta biyu, da sunka ji ƙara na tashi babu waƙa, sai ga guda ta leƙo ta ce, "Wannan bugu naku awa masu dakan makoki." Ta karɓi na hannun Dija. Kafin azahar mun zama bakwai.

Ban goge shi ya yi sheƙi ba. Na ƙara tsakuwa a bakin ƙofa inda kofato ke kartawa, na karkata shi wajen magudana saboda fitsarin tumaki da na yaro, na dafa bagaruwa na haɗa da makuba na shayar da shi har sau shida. Da ya bushe, mata sunka taru a ƙofa, babu mai maganar kyau. Dija ta ce, "A saki alƙalai." Anka kwance tumakin nan biyu, sun girma lokacin. Sunka shigo da gudu, sunka nufi gindin bangon da sunka saba. Na farko ya sunsuna. Ya matsa gaba ya sunsuna. Ya ɗago kai ya dube mu, ya yi kuka guda, ya juya ya fita, ɗan'uwansa na biye. Sai guɗa ta tashi. Tsohuwar nan ta ce, "Kai, an zalunci marayu!"

Daga Kebbe sunana ya komo, ta hanyar da ya tafi, a bakin masu nono. Sai dai ya komo da jela: Tumba mai lasa. Na karɓa. Duk gidan da na je, tun ban sauke ƙwarya ba za a miƙo mini ƙasa a tafin hannu, a ce, "Bismillah." Na yi aiki da wannan suna har gwiwoyina sunka ƙi. Siminti ya shigo ina gani, ban yi faɗa da shi ba, yana da nasa amfani, gara ba ta huda shi. Na ga kuma wanda anka yi da rowar siminti, tsintsiya kaɗai ta cinye shi a shekara. Na ga leda mai zane da ake shimfiɗawa, kyanwa ta yage ta da farce, ruwa ya shige ƙarƙashi ya yi wari. Kowane abu da gidan da ya dace da shi. Ɗakin Dija kuwa, da na je ta'aziyyarta shekarun baya, jikokinta na ishe suna rarrafe bisa daɓen nan. Ya lotsa kaɗan a bakin ƙofa. Shi ke nan abin da ya same shi.

Wannan shi na gaya wa Bello da Nafisa, tayil uku na jere gabana. Guda fari ne ƙal, ina ganin fuskata a ciki, shi Bello ke so, wai irinsa ne a gidan abokinsa a Sakkwato. Na ce, "Ja'iri, ƙirga mini ƙafafun gidanka."

Ya ce, "Ni da ita da yara uku."

Na ce, "Ƙarya kake. Kyanwar fa? Zomayen da babban ɗanka ke saki tsakar gida fa? Ɗan akuyar da 'yar autarku Ummi ke goyo da zane fa? Ni fa, ko ba za a bar ni in shigo ba?"

Na sa Nafisa ta jera tayil ɗin a ƙasa, ta miƙo mini buta. Na tsiyaya wa kowane ruwa. Akwai ɗan akuya a gidanmu, na ce a kamo shi a tsayar bisa farin. Ƙafafunsa sunka baje, gaba ta yi gabas baya ta yi yamma, ya faɗi da haɓa. Anka ɗora shi bisa na biyu, ya yi tangaɗi. Bisa na ukun, mai ruwan ƙasa mai kaushi-kaushi wanda Bello ya ce don cika lissafi kawai mai shago ya haɗo shi, ya tsaya cak, har ya saki 'yan ƙwallayensa a kai.

Bello ya ce, "Tsohuwa, yanzu akuya ce za ta zaɓa mini tayil?"

Na ce, "Tumaki sunka gyara mini sana'a, kai wane ne?"

Nafisa ba ta yi dariya ba wannan karo. Ta sa tafin ƙafarta bisa farin mai ruwa, ta ja a hankali, ta ɗago ta dubi mijinta. Ta ce, "Baban Ummi, wa ke bin yaran nan da tsumma in sun zubar da ruwa, ni ko kai? Mai ruwan ƙasan za a sa. Datti ma ba zai nuna a kansa ba." Ya yi ta gunaguni, ya kwashe tayil ɗinsa, sunka tafi.

Bayan kwana kaɗan ina zaune da hantsi sai ga birkilan da ke musu aiki ya yi sallama, ransa a ɓace, da wani ƙulli a leda. Ya ce, "Inna, ki shiga tsakanina da matar jikanki. An kawo yashin da za a kwaɓa a ɗora tayil, tifa guda. Ta fito ta ɗiba ta sa a baki, gaban leburori, ta ce a mayar, wai gishiri gare shi. Ni shekarata nawa ina gini ban ga ana cin yashi ba."

Na ce, "Miƙo."

Na ɗora bisa harshe, na juya. Haƙoran sun tafi amma harshen na nan. Na tofar.

Na ce, "Ɗana, daga gefen fadama anka ɗebo wanga. In ka kwaɓa siminti da shi, damina guda zai yi farin fure, tayil ya riƙa ɗagowa ɗaya-ɗaya. Ka mayar."

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya juya baya, ya ɗan lakato da yatsa, yana tsammani ban gani ba. Ya tofar shi ma, ya ce, "To, a gafarce ni," ya fita.

Ranar da sunka tare, na sa anka sauko mini da madaɓin ƙirya, na goge shi da man gyaɗa, na kai wa Nafisa. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Inna, ni mi zan buga da shi? Ko'ina tayil ne."

Na ce, "Ni ma rani biyu na yi ban buga komai ba. Ki rataye shi. Kin riga kin iya mai wuyar."

Yana can bayan ƙofarta. Na wuni a gidan ranar nan bisa tabarma, idona a ƙasa yadda na saba. Ummi ta kifar da kofin ruwa tsakiyar falo, yayyenta sunka ratsa ta ciki a guje, kyanwa a gaba, ɗan akuya a baya. Na ƙirga su suna shiga, na ƙirga su suna fita. Kowa bisa ƙafafunsa ya fita. Alhamdu lillahi.